Kufan Mesa Verde Da Gidan Kakanmu



Tunda na dawo daga tafiyar nan, duk wanda muka gamu da shi a ƙofar masallaci ko a kasuwa sai ya ce, "Sakatare, ya Amurka?" Wasu labarin dogayen benaye suke son ji, wasu kuwa na san tsaraba suke yi wa zagaye. Benaye kam na gani har wuyana ya gaji. Amma abin da ya biyo ni har Ibadan, yake hana ni barci wani daren, wani kufai ne a cikin kogon dutse, wanda rabonsa da hayaƙin girki ya haura shekara 700. Na daɗe ina cewa zan rubuta, yau dai Allah ya yi. Ku yi haƙuri, maganar da ɗan tsawo, kuma akwai ta gidanmu a ciki.

Waɗanda suka san mu sun san autanmu yana jihar Kolorado shekara goma sha ɗaya ke nan, yana aikin jinya a wani asibiti a birnin Denver. Matarsa ta haihu, ya aiko mini da takardar gayyata in je suna. Kafin biza ta fito yaro har ya fara rarrafe. Na dai tafi a watan Satumba, kuma ni da shi mun san ba ganin jariri kaɗai ya kai ni ba. Akwai maganar da muka yi wata takwas muna ja a waya, har ta kai in ya kira sai in bar wayar ta yi ta ƙara.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, farin 1973 ne ya fito da shi daga ƙauyenmu a ƙasar Katsina. Gero ya bushe a tsaye, dabbobi suka mutu, ya hau mota ya sauka Sabo, ya fara da dakon goro har Allah ya buɗa masa ya kama nasa cinikin. Dukanmu a nan aka haife mu. Ni kaɗai aka mayar gida wurin kakarmu ina ɗan shekara bakwai, na yi shekara biyar ina karatun allo da kiwon awaki, shi ya sa a cikinmu ni kaɗai na san ƙanshin gidan nan idan an yi ruwan fari. Bayan rasuwar tsofaffi Baffa ne ya riƙe gidan, har shekara huɗu da suka wuce, da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, ya kwashe iyalinsa ya koma cikin gari. Tun ranar ƙofar zauren take a kulle. Kabarin kakanmu yana nan bayan rumbu, yadda mutanen da suke yi.

Bara sai wani mutum ya aiko yana son gidan da gonar da ke bayansa gaba ɗaya. Dukansu rabon Baba ne tun da aka yi gado. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma kuɗi ne. Mu shida ne, ɗaya ta riga mu gidan gaskiya ta bar marayu uku. Auta ya ce a sayar, a zuba kuɗin a karatun marayun nan, maimakon a bar gara tana cin gado. Huɗu suka tsaya a kan haka. Ni ne babba, ni ne na ƙi. Kuma in faɗi gaskiya, ba ni da wata hujja da zan iya ɗorawa a kan tebur, abin a ƙirji kawai yake.

Kwanana biyar a gidansa ba wanda ya tayar da maganar. Ranar Juma'a da daddare ya ce, "Yaya, gobe da asuba za mu yi 'yar tafiya, akwai abin da nake so ka gani." 'Yar tafiyar nan sai da ta ci mana sama da awa bakwai a mota, muna hawa duwatsu muna gangarawa, kunnuwana suna toshewa suna buɗewa. Muka wuce garin Durango, muka kwana a wani ƙaramin gari da ake kira Cortez, can ƙuryar kudu maso yammacin jihar. Da safe muka nufi Mesa Verde.

Sunan da harshen Sifaniya ne, ma'anarsa koren tebur. Wani makeken tudu ne mai shimfiɗaɗɗen kai, itatuwa sun rufe shi, kwazazzabai masu zurfi sun tsattsaga shi kamar yatsun hannu. Bisansa daga teku ya haura mita 2,000, wani wurin ya kai 2,600, don haka ɗan Ibadan yana yin taku ashirin sai haki. Gandu ne na gwamnatin tarayya mai faɗin eka dubu 52 da ɗoriya, shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu aka keɓe shi ranar 29 ga Yuni, 1906, kuma a 1978 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. A cikinsa an ƙirga wuraren da mutanen da suka zauna ko suka yi aiki kusan 5,000, guda 600 daga ciki gidaje ne a jikin dutse. Daga ƙofar shiga zuwa inda gidajen suke, tafiyar kusan awa guda ce a kan hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, ana ratsa dajin da gobara ta cinye a shekarun baya, busassun itatuwa a tsaye fari fat.

Muka ajiye mota muka taka zuwa bakin wani kwazazzabo. Auta bai ce komai ba, ya dai nuna mini gefen hagu da haɓa. Jama'a, gani ya kori ji. Gari ne guda a cikin hammar dutse. Ɗakuna a kan ɗakuna, hasumiya mai kusurwa huɗu da ta kai hawa huɗu, wata zagayayya, ga tagogi, ga lunguna, duk launin ƙasa, dutsen ya yi musu rumfa daga sama. Turawa sun sa masa suna Cliff Palace, wato fadar jikin dutse, ko da yake babu shaidar wani sarki ya taɓa zama a ciki. Ɗaki 150 ne, kuma shi ne mafi girma a irinsa a duk Amurka ta Arewa.

Ba a shiga sai da tikiti, kuma sai da ma'aikacin gandu a gaba. Mu wata mata ce ta ja mu, da hularta mai faffaɗan baki. Kafin mu sauka ta gargaɗe mu: ba a taɓa bango, ba a jingina, ba a shiga da abinci. Maiƙon hannun mutum yana baƙanta dutsen, ɓurɓushin abinci kuma yana jawo ɓeraye su yi rami a ƙarƙashin gini. Turancinta yana da sauri, inda ya kuɓuce mini Auta yana cike mini.

Mutanen nan sun fara zama a kan tudun wajen shekara ta 550. Da fari a rami suke gida, a haƙa ƙasa a kafa itace a rufe da laka. Wajen 750 suka fara gini a sarari, ɗakuna a jere, daga baya suka ƙware a ginin dutse. Shekara ɗari shida suna zaune a saman tudun kusa da gonakinsu. Sai a ƙarshen shekarun 1190 da yawansu suka gangara cikin kogunan. Da na ji shekarun sai na yi lissafi a raina: tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. Ashe lokacin da ake kwaɓa ƙasa a gindin Dala, wasu bayin Allah a wancan gefen duniya suna sassaƙa dutse, ba wanda ya san da wani.

Duk wanda ya taɓa yi wa magini miƙo zai tsaya ya kalli aikin nan da kyau. Ba su da ƙarfe, ba jaki, ba amalanke. Da dutse mai tauri na bakin kogi suke sassaƙa mai laushi, su mai da shi kamar bulo, girman burodi. Abin ɗaurin ginin ƙasa ce da ruwa da toka, sai su cusa ƙananan tsakuwoyi a tsakani don ya riƙe. Sannan su yi shafe, wani ja, wani fari, wani ruwan ƙasa. A wasu wuraren har yau ana ganin shatin yatsun wanda ya danna lakar. Ɗakunan ƙanana ne, mutum biyu su kwanta sun cika shi, ƙofofin kuma sai an sunkuya. Waɗanda aka samu murhu a cikinsu ba su wuce talatin ba, shi ya sa ake ƙiyasta mazauna wurin da mutum ɗari, sauran ɗakunan yawanci rumbuna ne. Da na ɗaga kai sai na ga kunkunniya baƙa ƙirin a jikin rufin dutsen. Wallahi irin ta madafar kakarmu ce sak. A nan ne jikina ya fara sanyi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ɗakin da suke kira kiva, akwai guda 23 a wannan gari kaɗai. Rami ne zagayayye da aka gine da dutse, zurfinsa ya ɗara tsayin mutum. A da an rufe shi da itace da ƙasa, samansa ya zama tsakar gida inda yara ke wasa, mata ke niƙa. Ƙofarsa a tsakiyar rufin take, da tsani ake sauka, hayaƙi ma ta nan yake fita. Murhu yana tsakiya. A gefe an haƙa wata hanya da ke shigo da iska daga waje, aka kafa faifan dutse tsakaninta da murhun don kada iskar ta watsa wuta. Mutum yana ƙarƙashin ƙasa, wuta na ci, ga ɗumi a lokacin dusar ƙanƙara, kuma hayaƙi bai shaƙe shi ba. A daɓen akwai wani ɗan rami da ake kira sipapu, wanda a aƙidarsu yake tuna musu inda kakanninsu suka fito. A nan suke ibadarsu, a nan ake taro, a nan ake saƙa. Ban da maganar ibadar, ni zaure na gani.

Ruwa fa? Dutsen saman mai shan ruwa ne. Ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suna tsiyaya ta cikinsa har su tarar da wani shimfiɗin dutse da ba ya shan ruwa, sai su ɓullo a ƙuryar kogon. Wannan tsiyayar ce ma, tare da daskarewa da narkewa na dubban shekaru, ta ɓantare dutsen har kogon ya samu. Gonakin suna sama, ana hawa ta 'yan ramukan da aka sassaƙa daidai yatsun hannu da na ƙafa, ga kaya a baya. Noman damina suke yi a ƙasar da ruwanta na shekara bai cika kaiwa santimita 50 ba, suna jera duwatsu a bakin kwari su tare ruwa da ƙasa. Masara suke shukawa da wake da kabewa, suna kiwon talo-talo, suna saƙa bargo da gashinsa. Na ce wa Auta, ka ga masarar da muke gasawa a bakin titi, muna ce mata masara kamar daga Masar ta fito, asalinta daga wannan nahiya ne, ita da talo-talon. Waken ne dai ba irin namu ba. Rayuwar ba mai sauƙi ba ce. Tsakuwar dutsen niƙa tana cinye musu haƙora, kusan rabin yaran da aka haifa ba sa kaiwa shekara biyar.

Duk wannan wahalar ginin, ba su yi shekara ɗari a cikin kogunan ba. Kafin 1300 babu kowa a tudun, babu kowa a duk yankin, inda a da mutum dubbai suke zaune.

Yadda aka san shekarun ma abin mamaki ne. In aka yanke itace, akwai zobba a cikinsa, kowace shekara zobe ɗaya: shekarar ruwa mai kauri, shekarar fari siriri. Wani masanin taurari mai suna Douglass ya yi ta jera zobban itatuwan yankin, na yau da na tsofaffin gine-gine, har a 1929 ya haɗa su suka zama kalanda guda. Da ita ake duba itacen rufin ɗaki a faɗi shekarar da aka sare shi. Ita ce kuma ta nuna an yi wani dogon fari daga 1276 zuwa 1299. Shekara ashirin da uku. Mu da farin shekara biyu zuwa uku ya watsa ƙauyuka, sai ku auna. Kafin farin ma jama'a sun yi yawa, itacen wuta ya ja baya, namun daji sun yi ƙaranci. Sannan ga tashin hankali. A wani ƙauye da ke yamma da tudun, wanda yanzu ake kira Castle Rock, an tarar da ƙasusuwan mutum sama da arba'in da aka kashe a wajen 1280, ba a ko binne su ba.

Auta ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Yaya, ka ji ko? Fari da rashin tsaro." Ban amsa ba. Fari ya fitar da Baba, rashin tsaro ya fitar da Baffa. A nan na gane abin da ya sa yaron nan ya tuƙa ni awa bakwai.

Da rana muka je wani gidan, Balcony House, mai ɗaki kusan arba'in. Ana shiga ta tsani mai tsayin ƙafa 32, ƙasa kuwa kwazazzabo ne da ba a son kallo. Duk addu'ar da na iya sai da na karanta a kan tsanin nan. Wurin fita kuma wani rami ne mai tsawon ƙafa 12, faɗinsa inci 18, da rarrafe ake bi. Waɗanda suka san tumbina su yi dariyarsu, Auta ma ya yi, har da ɗaukar hoto. Amma da aka ce mana a zamanin masu gidan wannan rami shi ne hanyar shiga, dariyar ta tsaya mini. Mutum ɗaya da sanda zai iya tare ta. Wanda yake barci da ido biyu rufe ba ya yi wa gidansa irin wannan ƙofa. Sai na tuna Baffa yana ba ni labarin yadda suka koma kwana a kan soro, da tsani a janye.

Akwai maganar da ma'aikaciyar nan ta nanata tun da safe, ta ce kullum sai baƙi sun tambaye ta ina mutanen suka ɓace. Ba su ɓace ba. Kudu suka yi, zuwa bakin kogin Rio Grande a jihar New Mexico, da tuddan Hopi a Arizona. Jikokinsu suna nan da ransu: Hopi, Zuni, Acoma, Zia da sauransu, garuruwan Pueblo goma sha tara a New Mexico kaɗai. Har yau suna da kiva, har yau suna shuka masara, a garin Taos har yau ana yi wa gidajen ƙasa yaɓe duk shekara. Masu bincike sun gwada ƙasusuwan talo-talo na tsofaffin garuruwan Rio Grande, suka ga bayan 1280 irin na yankin Mesa Verde ya bayyana a can. Wato da kajinsu suka yi ƙaura, kamar kowa. An daɗe ana kiran mutanen da sunan Anasazi, kalmar Navajo ce da ake fassarawa da kakannin abokan gaba, jikokin suka ce ba sa so, yanzu kakannin Pueblo ake cewa. Kuma ba sa yarda a ce an yi watsi da wurin. Hopi suna ɗaukar irin waɗannan kufai a matsayin sawun kakanninsu, shaidar cewa sun bi ta nan. Suna zuwa ziyara. Aƙidarsu daban, tamu daban, amma wannan magana ba sai an fassara mini ita ba.

Saura labarin abin da ya sami gidan da masu shi ba sa nan. Mutanen Ute da suka zauna yankin daga baya sun san da kogunan, ba sa dai shiga. Ranar 18 ga Disamba, 1888, wasu makiyaya biyu, Richard Wetherill da surukinsa Charlie Mason, suna neman shanunsu da suka ɓata cikin dusar ƙanƙara, suka hango garin daga bakin kwazazzabo. Daga nan kasuwa ta buɗe. Aka yi ta kwasar tukwane da takalman saƙa da kwanduna ana sayarwa. Masu zuwa daga baya wasu suka fasa bango don haske ya shiga, wasu suka ƙona itacen rufi suka ji ɗumi. A 1891 wani matashi ɗan ƙasar Suwidin, Gustaf Nordenskiöld, ya zo ya yi haƙa. A ba shi haƙƙinsa, ya yi aikin da tsari, ya auna, ya ɗauki hotuna, ya rubuta littafi. Amma ya tattara kaya wajen 600, har da gawarwaki, ya nufi jirgin ƙasa da su. Aka kama shi a Durango, sai aka duba aka ga babu dokar da ya karya, aka sake shi. Kayan suka ƙare a gidan tarihi na ƙasar Finlan, a birnin Helsinki. Irin wannan ta sa wasu mata, Virginia McClurg da Lucy Peabody, suka yi shekaru suna matsa wa 'yan majalisa lamba, har aka yi dokar kare kayan tarihi a 1906, a watan da aka keɓe gandun.

A watan Satumban 2020 Finlan ta dawo da ƙasusuwan mutum 20 da kayan da aka binne su da su guda 28. Wakilan Hopi da Acoma da Zia da Zuni suka karɓa, aka sake binne su a Mesa Verde. Shekara 129 bayan an tone su, shekara 700 bayan danginsu sun bar tudun. Yanzu ni na taɓa Auta da gwiwar hannu.

Da yamma muka zauna a kan wani benci muna kallon garin daga nesa, rana tana faɗuwa a kansa ya koma ja. A nan muka yi maganar da muka kasa yi a waya.

Ya ce, "Yaya, wannan dutse ne, kuma dutse ya yi masa laima, ga gwamnati tana biyan masu gyara tun 1909. Namu ƙasa ce. Damina uku ba yaɓe, sai dai a nuna wuri. Kuma mutanen nan da kake yabo, tashi suka yi. Da sun tsaya gadin bango da ba su bar jikan da zai zo karɓar ƙashi ba. Irin shuka suka ɗauka da yara. Mu yaranmu ga su can, kuɗin makaranta ya gagara."

Ban da amsar wannan, don gaskiya ya faɗa. Na ce, "Auta, sun tashi, amma ba su karɓi kuɗin kowa ba, kuma ba su manta hanya ba. Kai sau nawa ka taɓa zuwa garinmu?" Ya ce sau biyu. Na ce babban ɗana shekararsa goma sha shida, Yarbancinsa ya fi Hausarsa, rannan a makaranta aka ce ya rubuta sunan garinsu ya rubuta Sabo. Ban ga laifinsa ba, nan ya sani, nan ma gida ne. Amma ranar da wani zai ce masa ya koma inda ya fito, kuma dukanmu mun san ana faɗa, ina so ya zama akwai ƙofar da zai nuna, ko da kangon ce. Naka kuma da yake rarrafe a Denver, me za ka ce masa? Wanda ya sayi gidan nan gona yake so. Shekara ɗaya zai rushe katanga, ta biyu garma ta bi ta bayan rumbu.

Ya yi shiru. Can ya ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, Yaya. Ba ni na faɗa ba." Na ce na sani. Muka tashi muka yi magariba a gefen mota, iska mai sanyi tana kaɗa mana riga, wasu Turawa suka rage murya har muka sallame.

Washegari a hanyar komawa, muna tsakiyar hawan wani dutse, shi ya sake ɗauko maganar, idonsa a kan titi. Ya ce a sayar da gonar, a bar gidan da taku ashirin a bayansa, yadda kabarin zai shiga ciki. Kuɗin gonar duka na marayu, mu biyar kowa ya yafe rabonsa, shi zai shawo kan sauran. Yaɓe da gyaran indararo na damina uku a wuyansa. Amma da sharaɗi: in damina ukun nan suka wuce babu ɗaya daga cikinmu ko 'ya'yanmu da ya taka ƙafa ya buɗe zauren nan, in sa hannu a sayar ba tare da musu ba. Ya ce shi ba zai riƙa biyan kuɗin gidan da ake so daga nesa ba.

Sharaɗin ya yi mini zafi, don ni ya nufa. Rabona da garin shekara tara, tun kafin hanya ta lalace, lokacin da ba ni da wani uzuri sai na kasuwa. Na ce na yarda.

Mai sayen ya ce tunda babu gidan sai an rage masa, an rage, an yi ciniki, marayu sun koma makaranta wannan zangon. Baffa ya samo magini da ya yarda ya shiga, amma ranar kasuwa kawai, lokacin da hanya take da mutane, kuma ya fito kafin la'asar. Ya aiko mini da hoto: katangar gabas ta zube, rumbu ɗaya ya rufta, zauren yana tsaye, ƙwan zabi a cikin madafa. Na tura wa Auta, ya mayo mini da hotona ina fitowa daga ramin nan da rarrafe.

Damina ɗaya ta riga ta wuce a cikin ukun. Na sa ranar tafiya bayan ƙaramar Sallah in Allah ya kai mu, in kuma Baffa ya ce hanya ta yi dama. Babban ɗana ya ce zai bi ni. Mahaifiyarsa ta ce sai dai bayan ranta. Har yanzu muna kan wannan maganar a gida, mabuɗin zauren kuma yana wurin Baffa.

Wassalam.

Naku,
Sakatare